Ɗantsoho da Jan Ruwan Iskandariyya

Sunansa na yanka Sulaimanu, amma da yake sunan kakansa ya ci, ba mai kiransa da shi a Yawuri sai malamin makaranta. Da Ɗantsoho ya tashi, da shi kuma ya sauka Alƙahira a shekarar 2004, riƙe da jaka ɗaya da takardar tallafin karatun addini. Gidansu na masunta ne kaka da kakanni. Tun bai iya haɗa baƙi ba ya iya jefa birgi, kuma in ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya shinshina, yakan faɗi ko akwai kifi a wurin.

Karatun Masar bai karɓe shi ba. Fiƙihu na shiga kansa, musamman babin ruwa, amma nahawu ya tsaya masa a wuya kamar ƙaya. Sau uku yana maimaita aji ɗaya, a na ukun aka janye tallafin. Kunyar komawa gida hannu rabbana ta sa ya zauna. Ya sami aikin gyaran kifi a wani gidan abinci na 'yan Sudan a unguwar Hayyin Ashir, in aka kira shi daga gida sai ya ce karatu alhamdu lillahi, ya yi maza ya koma tambayar damina.

A gidan abincin nan Dakta Mahasin ta same shi, a farkon 2011. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun fito aikin hajji a ƙasa suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gari. Tana bincike a kan ruwan teku a wani ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Giza. Ran nan tana jiran abinci sai ta ji wani a bayan kantar gidan yana yi wa kifi faɗa da Hausa.

"Kai ba ɗan kogi ba ne. Wanda ya kawo ka ya yi ƙarya."

Ta leƙa ta tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ɗan razana da jin Hausa daga bakinta, sannan ya ɗaga kumatun kifin ya nuna mata, ya ce wannan a kwantaccen ruwa ya girma, wanda gansakuka ta rufe, ga warin nan bai bar shi ba.

"Ina neman mai wanke kwalabe," in ji ta. "Amma mai hanci nake so."

Ya fara da wanki, sai dai Dakta ba ta iya aiki shiru ba. Tana aiki tana bayani. Ta ce gansakukar da ya sani tana da dangi a teku, tsirrai ƙanana da ido ba ya gani, suna yawo a saman ruwa. Su ƙananan kifi ke ci, manya su ci ƙananan, don haka duk abin da masunci ya kama, arzikinsu ya ci. Amma in zafi ya yi yawa, iska ta kwanta, ga dattin gari da takin gona suna kwarara cikin teku, sai wasunsu su hayayyafa har ruwa ya sake launi. Wasu su shaƙe kifi. Wasu kuma dafi ne da su, yana taruwa a cikin kifin da ya ci su, kuma wuta ba ta kashe shi.

Ranar da ta fara sa shi ya leƙa madubin da ke ƙara girman abu, ya daɗe bai ɗago ba. Ɗigon ruwa ɗaya, ga shi cike kamar kasuwar Yawuri ranar cinta. Sunayensu na littafi sun fi ƙarfin harshensa, sai ya sayi littafin rubutu ya riƙa zana su yana raɗa musu nasa. Akwai Tsani, akwai Faifai, akwai Allura. Akwai kuma wani ɗan dunƙule mai tsaga a tsakiya, mai tafiya yana juyi, wanda ya sa wa Mai Ɗamara. Dakta ta ce wannan ɗin ya riƙe shi da kyau, danginsa ne masu dafi.

Kafin shekara ta zagayo ta bar masa ɗiban ruwa gaba ɗaya. Duk Talata ta biyu, bayan asuba, ya shiga jirgin ƙasa a tashar Ramsis zuwa Iskandariyya, daga nan ƙaramar bas ta kai shi wani lungun teku a yammacin gari, inda masunta ke ɗaure jiragensu. Ya zura farin faifai da igiya ya ga inda zai ɓace wa ido, ya cika kwalba uku, ya ɗiga musu maganin aidin don abin da ke ciki ya tsaya yadda yake. In ya dawo a bar su su kwana su kwanta, washegari a ƙirga. Lokacin da aka tsayar da jiragen ƙasa a 2013 saboda hargitsi, motar haya ya riƙa bi. Shekara uku, bai tsallake Talatarsa ko ɗaya ba.

Wannan duk bai ƙara masa daraja a majalisar ɗalibai ba. Babban mai tsokanarsa shi ne Ukasha, ɗan kawunsa, wanda ya zo Masar shekaru bayansa amma kullum da mumtaz, maki mafi girma, yake haye aji. Da yake taubasai ne, ba mai hana shi.

"Ga Shehin Kwalba nan. Mutum ya baro Kwara a cike, ya zo Masar ɗiban ruwa."

Ɗantsoho ya yi dariya tare da kowa, ya zauna wajen takalma yana zuba shayi. In musu ya kaure kan wata mas'ala ba a tambayarsa, shi ma ba ya sa baki. Wani lokaci dai yakan ba su labarin lungun nan nasa, yadda ruwansa yake garau da safe, ba cunkoson masu wanka.

Wata Talata a watan Agusta na 2014 ya isa lungun ya tarar da abin da bai taɓa gani ba sai a hoto. Ruwan ya yi ja kamar zoɓon da aka tsinka. Ba iska, ga wani ƙarni mai nauyi. Farin faifansa bai kai kamu ɗaya ba ya ɓace. Ƙananan kifayen sardin suna ta kewaya a sama, baki buɗe, masunta kuwa suna zaune a inuwa suna ɗinkin taru, ba wanda ya kwance jirgi. Ranar Laraba da ya sa ɗigon a madubi, Mai Ɗamara, wanda a da sai an bi an nema kafin a ga biyu ko uku, ya cika wurin kamar an zubar da gero. Dakta ta duba da kanta, ta buga wa hukumar da abin ya shafa waya, ta ce gwajin dafi ba zai fito ba sai mako mai zuwa.

Ranar Alhamis ce walimar Ukasha ta kammala karatu. An gayyaci mutum arba'in, bayan la'asar, a gidan da yake haya da matarsa Nana Khadija a unguwar Hay el-Sabi'. Ɗantsoho ya je bayan azahar don ya taya shimfiɗa. Tun daga ƙasan bene ƙamshin banda ya tare shi. Rabonsa da jin wannan ƙamshi shekara goma, har ya tsaya a matakala ya lumshe ido, ya tuna bayan ɗakin mahaifiyarsa. Sai da ya kai saman rufin gidan murnar ta koma ciki.

An yanka durom biyu an ɗora waya, hayaƙi na tashi. A kai an jera sardin sahu-sahu, ba a fasa cikin ko ɗaya ba, yadda ake bandar ƙananan kifi a gida. Ukasha na tsaye da carbi a hannu, abokansa biyar suna fifita.

"Shehin Kwalba, zo ka ga tsuntsu daga sama gasasshe," in ji Ukasha. "Jiya muka je lungun nan naka shan iska. Ashe rowa kake mana. Kifi na yawo a sama, da hannu muka cika kular ƙanƙara biyu. Misirawan wurin sai ihu suke mana, sun ɗauka ba mu san kifi ba. Yau sai miyar kuka irin ta Yawuri."

Ɗantsoho ya dubi kifin da ke kan wayar. Shi ya kwatanta musu wurin da bakinsa.

"Ruwan wane launi ne?"

"Ja-ja haka."

"Ukasha, kada a ci kifin nan."

Suka fashe da dariya. Ya yi ƙoƙarin bayani, kalmomin suna fito masa a hargitse. Ya faɗi abin da ya gani ranar Talata, da abin da ya ƙirga jiya, da mutum arba'in da za su zauna a kan tabarmar nan bayan la'asar.

Ukasha ya gyara tsayuwa kamar mai amsa jarrabawa. "To, mu bi ta babin da ka fi ƙauna. Ruwan da ya sake launi saboda abin da ya tsiro a cikinsa, ya fita daga tsarki?"

"Bai fita ba."

"Mushen teku fa?"

"Halal ne."

"Madalla. Saura na gida. Kai ɗan masunta ne. Sau nawa aka daka magimfa aka zuba a tafki, kifi ya bugu ya taso, muka kwasa muka ci? Wa ya mutu?"

"Magimfa numfashinsa take kamawa. Wannan ci ya yi, yana cikin hanjinsa. Ga shi ba ku fasa ba, kuma dakawa za a yi gaba ɗaya."

"Ai ya sha wuta tun safe."

"Wuta ba ta kashe shi."

Gidaɗo, wani Bafulatanin Adamawa da ya fi kowa son musu, ya ajiye maficinsa. "Malam Ɗantsoho, tambaya ɗaya. Ka tabbata akwai dafi a kifin nan?"

Ƙarya ɗaya da ta wadatar, kuma ya ji ta a kan harshensa. Amma shekara uku yana rubuta abin da ya gani kaɗai, ko da Dakta ta so ganin wani abu dabam.

"Ban tabbata ba. Gwaji sai mako mai zuwa."

"Halas," in ji Gidaɗo, yana buɗe hannu. "Halaccinsa yaƙini ne, dafinsa shakka. Yaushe shakka ta fara kayar da yaƙini?"

Suka sake fashewa da dariya. A cikin dariyar ne Ɗantsoho ya jiyo wata ƙara daga ƙasa, ta tagar kicin: bugun taɓarya a ƙaramin turmi. Nana Khadija ta fara dakan kason farko.

Ya dubi Ukasha don ya roƙe shi, sai ya lura da wani abu. Ukasha na ta goga leɓensa da bayan hannu. Carbinsa ya suɓuce ya faɗi, ya ɗauka, bai jima ba ya sake suɓucewa. Kusa da ƙafarsa kuma ga 'yan wutsiyoyin kifi a ƙasa.

Da ya so, a nan zai rama shekarun Shehin Kwalba duka, a gaban kowa. Sai dai ya san taubashinsa tun suna tsalle a kwalekwale. In aka ƙure Ukasha a bainar jama'a, zai iya cin goma a tsaye don kawai kada a ce an kayar da shi.

"Shi ke nan, malamai sun yi magana," in ji Ɗantsoho. "Ango, zo ka nuna mini inda tabarmi suke."

Da suka sauka hawa ɗaya, inda ba mai jin su, ya riƙe masa hannun riga.

"Guda nawa ka ci?"

"Wa ya ce na ci?"

"Leɓenka yana yi kamar kiyashi na yawo a kai. Harshenka ya yi nauyi. Yanzu kuma ya sauko kan yatsu, shi ya sa carbi ba ya zama."

Ukasha ya dubi yatsunsa, ya murza su. Da ya yi magana, muryar jarrabawar nan ta tafi.

"Huɗu. Na ɗauka hayaƙi ne."

"Daga leɓe sai yatsu. In ya yi yawa, ƙirji yake nema. Kai babba ne, huɗu ka ci. Nana fa, da cikinta wata bakwai? Ba mai miyar da ba ta ɗanɗana gishiri."

Bai rufe baki ba Ukasha ya kwasa ƙasa, yana tsallake matakala bibbiyu. Ɗantsoho ya bi shi ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Nana Khadija na zaune a kan kujera 'yar tsugunno, garin kifi ya cika kwano, ruwan miya na tafasa a gefe.

"Kin ɗanɗana?" in ji Ukasha.

"Ban kai nan ba. Lafiya?" Ta dubi mijinta, ta dubi ƙofa. "Yaya Ɗantsoho, kai ne? Me ya faru?"

Ya gaya mata a taƙaice. Ba ta tambayi dalili daga littafi ba.

"Kai za ka ci?"

"Ko an ɗaure ni."

Ta ja murfi ta rufe kwanon, ta ture shi da ƙafa. "Tun jiya nake cewa kifin da ya miƙa kansa ga ɗalibai, da magana. Aka ce mini in bar wa masu ilimi."

Ɗantsoho ya ce a tafi asibiti yanzu, amma Ukasha ya ce a ba shi minti biyu. Ya koma saman rufin, yana dafa bango. Abokan suka tsaya da fifita.

"A kashe wutar nan," ya ce. "Hukuncin da muka faɗa daidai ne, ruwan mai tsarki ne, kifin halal ne. Tambayar ce ba mu yi daidai ba. Ba a tambaye mu ko ya halatta ba, an gaya mana yana cutarwa, kuma ga shaida a bakina." Ya nuna leɓensa. "Na ci huɗu. Yaya Ɗantsoho ya faɗa mini abin da nake ji tun ban gaya masa ba. A wannan babin shi ne malaminmu."

Wannan ne karo na farko da ya kira shi Yaya a ƙasar Masar. Gidaɗo ya dubi hannunsa da ya sha man kifi, ya tafi neman sabulu.

A tasi Ɗantsoho ya kira Dakta Mahasin, ita kuma ta yi wa likitan bayanin abin da za a sa wa ido. Aka riƙe Ukasha har washegari ana duba numfashinsa. Abin bai wuce gwiwar hannu ba, ya sake shi a hankali. Walima kuwa ba a fasa ba. Nana Khadija ta ƙara daddawa ta kaɗa kukarta haka nan, aka sayo dafaffen waken ful da gurasa a bakin titi, mutum arba'in suka ci suka yi wa ango addu'a ba ya nan. An daɗe ana ba da labarin walimar da mai ita ya ci rabonsa tun da rana. Kifin kuma Gidaɗo ne ya ƙulle shi a leda uku don kada kyanwa ta samu, ya kai Giza da kansa.

Da sakamako ya fito, an sami dafin a hanjin kifin. Dakta ta ce da an daka shi duka an zuba a tukunya ɗaya, ba ta san iya inda abin zai tsaya ba, kuma ta gode Allah da ba a gwada ba.

Bayan mako biyu Ukasha ya zo ɗakin gwajin. Ya cire hula, ya sunkuya a kan madubi, shi ma ya daɗe bai ɗago ba.

"Tsarki ya tabbata ga Allah. Wannan ɗan mitsitsin ne ya kwantar da ni? Me sunansa?"

"Mai Ɗamara."

"Da Larabci fa?"

"Wannan sai ku masu nahawu."

Tun daga nan, in ɗalibai za su je teku sai sun kira shi sun tambayi launin ruwa. Sunan Shehin Kwalba bai mutu ba, amma ba a ƙara barinsa wajen takalma ba.

Ukasha ya koma gida da iyalinsa a farkon 2015. Abin da ya faɗa a Yawuri game da karatun da ya watse, Ɗantsoho bai sani ba, ya dai yi wata uku yana fargabar kiran da zai zo. Kira bai zo ba. Wani sabon ɗalibi ne ya iso da saƙo a cikin kayansa: gorar roba an naɗe ta da leda da tsumma, cike da ruwa kore shar, da 'yar takarda da ajami, rubutun mahaifinsa. Ya ce tafkin bayan gari ya yi shekara biyu yana yin haka da bazara, kifi na mutuwa, awaki sun ƙi sha. Ya ji an ce ɗansa ya karanci ruwa, to a duba a gaya musu.

Ɗantsoho ya karanta sau biyu. Ruwan ya kwana biyar a hanya ba aidin, rabin abin da ke ciki ya riga ya lalace, zai kuma koya wa wani a gida yadda ake ɗiba. Ya buɗe gorar ya shinshina. Sannan ya ɗauko littafinsa, ya buɗe sabon shafi ya rubuta Yawuri a sama, ya ɗiga ɗigo ɗaya ya sunkuya a kan madubi.